In Ka Yi Shiru, Wa Zai Yi Cigiyarka?

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Katsina ya san Yashe, ko da bai taɓa sauka ya sha ruwan garin ba. In ka baro Tsanyawa ka shigo Jihar Katsina, kafin ka isa Kankiya, ta nan za ka ratsa. Gari ne na bakin titi, ba ya rabuwa da ƙugin manyan motoci da kiran 'yan kamasho. To, a wannan gari mai hayaniya ne wata tambaya game da shiru ta same mu, har yau kuwa ba ta sake mu ba.

Wani ɗan ƙanenmu ne ya zo hutu daga jami'a. Kullum in an idar da sallar Asuba sai ya koma zaure ya tanƙwashe ƙafa, ya toshe kunnuwa da abin sauraron waya, ya rufe ido, ya yi kamar minti 20 ko motsi babu. Kakarsa ta yi ta murna, tana tsammanin yaro ya karɓi ɗariƙa, sai da ta lura babu carbi a hannunsa, leɓensa kuma ba ya motsi. Da muka tambaye shi sai ya ce, "Baba, numfashina kawai nake bi da hankali, shigarsa da fitarsa. Ba addini ba ne." Ya ce tun ranar da motarsu ta tsallake rijiya da baya a hannun 'yan bindiga barci ya ƙaurace masa, gabansa na faɗuwa ba dalili, wani abokinsa ne ya nuna masa wannan manhaja a waya, kuma ya ji sauƙi. Tsohuwa ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "To, ɗan nan, wa ya ba ka izni?" Muka yi dariya a lokacin. Daga baya ne muka gane duk cikinmu ita ce ta yi tambayar malamai.

Bari mu fara da asalin abin, don mai karatu ya san inda aka dosa. Wannan zama na bin numfashi daga addinin Buda ya fito. Shi Buda, sunansa Siddhartha Gautama, an haife shi a Lumbini cikin ƙasar Nepal ta yanzu, wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Koyarwarsa ta ginu a kan cewa rayuwa cike take da wahala, tushen wahalar kuwa ƙishin zuciya ne da ba ya ƙarewa. Mabiyansa sun yi imani da cewa ana sake haihuwar mutum bayan ya mutu, gwargwadon aikinsa, har sai ya kuɓuta daga wannan kewaye. Suna da sufayensu masu aske kai da yawo da ƙoƙon bara, da dokokinsu, da wuraren bautarsu. Zaman natsuwa reshe guda ne kawai a wannan bishiya.

Sai a ƙarni na 20 wasu Turawa suka sare reshen suka dasa shi a gonarsu. A 1979 wani masanin kimiyya mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri na mako 8 a asibitin Jami'ar Massachusetts ta Amurka, yana koya wa masu ciwon da ya ƙi jin magani yadda za su zauna da ciwonsu ba tare da firgita ba. Bai ɗora musu wata aƙida ba. Wani kuma, Stephen Batchelor, haifaffen Sikotilan a 1953, ya yi shekaru yana sufanci a hannun malaman Tibet da na Koriya, ya tuɓe rigar a 1985, sannan a 1997 ya wallafa littafinsa Buddhism Without Beliefs, wato bin Buda ba tare da aƙida ba. A ganinsa, batun sake haihuwa kaya ne na zamanin Indiya ta da, ana iya ajiye shi. Abin da ya rage shi ne aiki: ka rungumi wahalarka, ka saki abin da zuciya ke zabura ta cafka, ka lura da lafawarta, ka gyara tafiyarka. Daga nan abin ya bazu. Kamfanin Google ya fara koya wa ma'aikatansa a 2007, wani kwamitin 'yan majalisar Birtaniya ya fitar da rahoto a kansa a 2015, har sojojin Amurka an gwada shi a kansu. A ƙarshe ya shige cikin waya, ga shi ya iso zaurenmu a Yashe.

Ba fatawa muka zo bayarwa ba, wannan fagen malamai ne, kuma kowane gauta ja ne sai dai in bai sha rana ba: mu ba mu sha ranar fiƙihu ba. Tambayarmu ta masu tunani ce. Shin natsuwa abu ne da za a iya cire shi daga gidan da aka haife shi, a ƙulle a leda kamar gishirin Andurus, duk mai ciwon ciki ya saya ya kaɗa ya sha? In an yi haka, me ke biyo ta, me kuma ake bari a baya?

Mun yi sa'a ba sai mun je Tibet neman abin kwatance ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin zaman tattara zuciya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Baƙadire ne. Katsina na alfahari da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani tun ƙarni na 17. Littafin Ihya'u na Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a kan muraƙaba da muhasaba, wato tsaron zuciya da yi wa kai hisabi, kuma ana karanta shi a zaurukanmu. Tun bayan haɗuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a aikin Hajjin 1937, Tijjaniyya ta ƙara yaɗuwa har ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Batijjane yana da lazimi safe da yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100. Yana da wazifa da ake yi cikin jam'i, an kewaye farin ƙyalle. Yana da zikirin Juma'a bayan La'asar. Ƙadirawan gidan Malam Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, suna da zikirin anfasu, wanda shi ma da numfashi ake tafiyar da shi. Ashe ke nan numfashin da yaronmu ke bi, kakanninsa sun riga shi saninsa, sai dai su ba su taɓa barinsa ya fita wayam ba, sunan Allah suke ɗora masa.

A nan ne bambanci na farko yake, kuma ba ƙarami ba ne. Mai zikiri yana yin shiru ga duniya ne domin ya fuskanci Wani. Mai zaman natsuwa irin na zamani yana yin shiru ne domin ya saurari kansa. Na farko yana da alƙibla, na biyu madubi gare shi. Ba mu ce duba madubi laifi ba ne; wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba ai ba zai san akwai baƙin tukunya a goshinsa ba. Amma madubi ba ya gaya maka inda za ka. Natsuwar da ba ta da alƙibla kamar wuƙa ce mai kaifi, tana yi wa mahauci aiki, tana yi wa ɗan fashi. Maharbin da ya iya tsai da numfashinsa ya fi iya saiti. Ma'aikacin da aka koya wa haɗiye ɓacin rai ba zai tambayi dalilin da ya sa aka riƙe masa albashin wata uku ba. Wannan ba zarginmu ba ne mu kaɗai: wani malamin jami'a a Amurka, Ronald Purser, wanda shi kansa mabiyin Buda ne, ya rubuta littafi sukutum a 2019 yana kukan cewa an mai da abin hajar kasuwa.

Sai dai adalci ya wajaba. Batchelor da ire-irensa ba su ce a yar da tarbiyya ba, ba su kuma ce kowa ya shige ɗaki shi kaɗai ba. A biranen Turai da Amurka akwai ƙananan ƙungiyoyinsu, mutum goma ko ashirin, suna haɗuwa sau ɗaya a mako a wani ɗakin haya. A buga 'yar ƙararrawa, a zauna shiru rabin sa'a ko fiye, a karanta wani abu, a tattauna, a sha shayi, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa a akwati don kuɗin haya. Abin da ya ba mu sha'awa shi ne, mutanen da suka gudu daga coci da limamai, suka ce ba sa son shugaba ba sa son aƙida, sun wayi gari suna neman wanda zai share ɗaki, da wanda zai riƙe makulli, da wanda zai sasanta mutum biyu da suka ɓata. Wato sun fita ta ƙofa, jama'a ta biyo su ta taga. A littattafan Buda na farko ma an ruwaito cewa almajirinsa Ananda ya taɓa ɗaukar abota ta gari a matsayin rabin tafarkin, malamin ya gyara masa cewa ai ita ce tafarkin gaba ɗaya.

To, wannan shi ne abin da leda ba ta iya ɗauka. Mu dubi da'irar wazifa a gari irin Yashe. Ga mai faci kusa da malamin firamare, ga manomin da ya taso daga gonar gero da ƙura a ƙafa, ga dillalin hatsi da ake bi bashi zaune gwiwa da gwiwa da mai binsa. Ba su zaɓi juna ba. Wani warin baki gare shi, wani in ya ja baƙi sai ya tsere wa jama'a, wani kullum a makare yake zuwa. Haƙuri da waɗannan shi ne rabin tarbiyyar, ko da ba a rubuta shi cikin sharuɗɗa ba. Ran da gurbin mutum ya zauna fayau kwana biyu, ana shafa fatiha za ka ji an ce, "Ina Malam wane?" Kafin Isha'i an aika yaro. In ciwo ne a yi karo-karo, in rashi ne a ɗauki gawa, in fushi ya yi a bi shi har gida. Manhajar waya tana iya ƙirga kwanakin da ka yi kana zama, har ta aiko maka da saƙon yabo, amma ba za ta taɓa ɗaukar makararka ba.

Tambayar tsohuwa game da izni ma a nan ta dawo. Mutanenmu sun daɗe suna cewa wanda ya shiga halwa ko ya ɗauki wuridi mai nauyi ba tare da shehi ba, yana iya taɓuwa. 'Yan boko kan ɗauki wannan a matsayin dabarar malamai ta tsare kasuwarsu. Sai ga shi a 2017 wasu masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka, cikinsu har da Willoughby Britton, sun wallafa hirarrakin da suka yi da masu wannan zama na Buda su 60, inda aka ji labarin firgita, da rashin barci, da jin kamar mutum ya rabu da jikinsa. Rijiyar zuciya tana da zurfi, mai shiga yana bukatar wanda zai riƙe masa igiya a baki.

Kada mai karatu ya zaci mun wanke namu tas. In da komai lafiya yake a da'ira, me zai kai yaronmu ga muryar baƙo a waya? Mun tambaye shi, amsarsa kuwa ta yi mana ɗaci. Ya ce ya tashi ya tarar gari ya rabu, tun kafuwar Izala a Jos a 1978 ake jifan juna da kalmomi, wannan ya ce bidi'a, wancan ya ce rashin ladabi, shi kuwa barci kawai yake nema. Ya ce in ya faɗa wa babba cewa gabansa na faɗuwa, sai a ce raunin imani ne ko a ce iska ce. Ya ce ya ga masu jan carbi dubu waɗanda in an zo rabon gado ba a gane su. Ƙarya ya yi? Mu kanmu sau nawa harshe na hailala zuciya na kasuwar Charanci tana taya akuya? Akwai kuma inda girmama shehi kan zarce ya zama miƙa wuya ga ɗan Adam, har almajiri ya kasa cewa uffan ko an ci haƙƙinsa. Mata kuwa, da yawansu daga bayan katanga suke jiyo da'irar, alhali su ne suka fi kowa haɗiyar baƙin ciki. Waɗancan Turawa sun ajiye aƙida sun riƙe lura. Mu kuma sau da yawa mun riƙe lafazi mun saki lura. Wanda ya rasa ɗaya bai kamata ya cika baki a gaban wanda ya rasa ɗayan ba.

Mu marubuta wannan magana ta fi shafar mu, domin sana'armu 'yar halwa ce. Ba a rubuta littafi a tsakiyar kasuwa. Kowane ɗayanmu ya san daren da ya zauna shi da fitila da farar takarda, yana sauraron abin da ke motsi a ransa, yana jiran ya lafa ya ga ƙasansa. Amma mun kuma san marubucin da ya daɗe shi kaɗai har ya fara jin duk abin da ya rubuta wahayi ne. Abin da ke ceton irinsa shi ne zaman karatu na ƙungiya, inda wani ƙaramin ɗalibi zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ban gane babi na uku ba." Ranar zai kwana da haushi, littafin kuwa ya gyaru.

Yaronmu dai bai bar zamansa ba, mu kuma ba mu hana shi ba, sai dai mun nemi ya ga likita game da rashin barcin, ya kuwa je. Ranar Juma'ar ƙarshe kafin ya koma makaranta, wani dattijo maƙwabcinmu da ƙafa ta fara gagara ya aiko a nemo wanda zai riƙa shi zuwa zawiya. Duk yaran gidan sun tafi ƙwallo, sai shi. Ya kai shi, ya zauna daga bakin ƙofa wajen takalma yana jira har aka shafa. Da suka dawo muka tambaye shi yadda ya gani. Ya ce hayaniya ta yi yawa, ba a jin numfashi ko kaɗan. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce mutum huɗu ne suka tambaye shi ko ɗan wane ne, ɗaya kuma ya ce a gaishe da kakarsa, ya ji an ce tana fama da ƙafa.