Dole Ne Sai Masoya Sun Mutu?

Jama'a, akwai wani yayi da ya shigo cikin littattafan matasa na Turai da Amurka, wanda na ga ya dace mu ɗan tattauna a kansa. Marubuci zai ɗauko tsohon labarin soyayya da ya ƙare da kuka, ya canza masa gari da zamani, ya ƙara masa dodo ko tsafi, sannan ya miƙa wa samari da 'yan mata. Ɗumame ne dai, amma kun san wani lokacin ɗumame ya fi sabon tuwo daɗi.

Wadda zan kafa hujja da ita wata matashiya ce mai suna Chloe Gong, haifaffiyar Shangai ta ƙasar Sin, wadda ta tashi a New Zealand. A 2020, tana ɗaliba a jami'a, ta fitar da littafinta These Violent Delights, ta biyo shi da Our Violent Ends a 2021. Labarin Romiyo da Juliyet na Shekspiya ta ɗauke daga birnin Verona na Italiya ta kai shi Shangai ta 1926, lokacin da Turawan Ingila da na Faransa ke riƙe da unguwanninsu a cikin birnin. Gidaje biyun nan masu gaba suka koma ƙungiyoyin 'yan daba, ɗaya ta 'yan Sin, ɗaya ta 'yan Rasha. Juliyet ɗin Shekspiya ba ta cika shekara 14 ba. Ta Chloe kuwa shekarunta 18, ta iya harbi, ta iya wuƙa. Sai ga dodo ya ɓullo daga kogin Huangpu, yana baza wata hauka mai sa mutum ya yage maƙogwaronsa da hannunsa.

Abin da ya dame ni shi ne ƙarshen labarin. A littafi na biyu an ga kamar masoyan sun halaka cikin wuta. Can a 2023 ta sake fitar da wani, Last Violent Call, sai ga su da ransu a wani ɗan gari, suna zaman aure abinsu. To, ya halatta marubuci ya ceci waɗanda asalin labari ya kashe?

Wani zai ce a'a, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Zai ce mutuwar nan ita ce gishirin labarin. Da Laila ta auri Majnun sun haifi 'ya'ya goma, wa zai tuna da su, har Nizami ya yi musu waƙa a ƙarni na 12, har Indiyawa su yi fim ɗin da ya sa iyayenmu hawaye? Zai ƙara da cewa mutuwar yaran ita ce bulalar da ake tsula wa manya, domin a wasan Shekspiya sai da iyayen suka tsaya a kan gawarwakin 'ya'yansu sannan suka yi musabaha. In ka cire mutuwar, ka cire hukuncin.

Ni dai ban yarda ba. Ya kai mai karatu, ƙirga da ni: a wasan nan mutum shida ne suka mutu, biyar daga cikinsu matasa. Tsofaffin biyu da suka riƙe gabar kuwa ko ƙwarzane babu a jikinsu. Wane irin hukunci ne wannan, da za a yi wa mai laifi ta hanyar binne ɗansa? Sannan ka tuna wa ke karanta waɗannan littattafai. Yarinya 'yar shekara 15 ba ta ɗaukar darasin da aka nufi dattawa da shi. Abin da take ɗauka shi ne, wai so bai cika so ba sai an mutu a kansa. Mu nan ma mun san wannan magana, don sau nawa muka karanta a littattafanmu na soyayya budurwa ta ce in ba wane ba sai rijiya?

Akwai kuma wani abu da komawa Shangai ya tona. Ranar 12 ga Afrilu 1927 sojojin Chiang Kai-shek, tare da 'yan dabar birnin na gaske, suka afka wa 'yan kwaminis da ma'aikata, aka yi ta kisa a kan titi. Littafi na biyu ya kai mu har wannan rana. A irin wannan gari, wa zai ajiye bindiga don saurayi da budurwa sun mutu? Ba a ma san sun yi ba. Shi ya sa nake ganin dodon kogin nan ya fi sauƙin gaskatawa a kan sulhun da Shekspiya ya rufe wasansa da shi. Masu gaba da suka iya kallon jinin 'ya'yan wasu shekara da shekaru ba safai jinin nasu ke farkar da su ba. Sau da yawa ma sabon dalilin ramuwa yake zama.

Ban ce Chloe ta fi Shekspiya iya rubutu ba, ina! Kuma ceton da ta yi musu yana da nasa naƙasu, domin su sun tsira, sun bar garin yana ci da wuta. Amma ko ba komai ta ƙi yarda a yanka yara don manya su shirya. A wasan na asali, bayan an gama koke-koke, uban Romiyo ya yi alkawarin zai sa a ƙera wa Juliyet mutum-mutumi na zinariya zalla, uban Juliyet ma ya ce zai yi wa Romiyo irinsa. Allah sarki! Da rabin zinariyar nan aka kashe wajen biki, ai da ta isa har da kayan ɗaki.