Rumbu Uku a Kan Falanki

A Birnin Gwari an yi wani mai zanen motoci da kowa ke kira Baba Mai Fenti, har yaran da aka haifa a gabansa suka girma ba su san sunansa na yanka ba. Tun yana saurayi yake bakin tasha da gwangwanayensa da burushinsa. A wancan zamani manyan motoci masu bodin katako ne ke kwasar masara da dawa zuwa Kaduna, ko su bi ta Funtuwa, ko su gangara Tegina su nufi Kudu, kuma direban da ya san ciwon kansa ba ya yarda motarsa ta hau titi bayanta fayau. Sai an zana masa zaki, ko gaggafa ta buɗe fukafukai, ko giginya biyu da rana a tsakaninsu, a kewaye su da dagi, sannan a rubuta "Haƙuri maganin zaman duniya" daga sama.

Hannun Baba ba ya ɓuya. Kowane abu sai ya zagaye shi da baƙin layi mai kauri, sannan ya cika cikinsa da launi tsantsa, ja ko kore shar ko ruwan ɗorawa, ba gauraye. Hanya ce ta koya masa haka. Zanen bayan mota direban da ke biye ne zai gan shi, daga nesa, cikin jar ƙura, wani lokaci da hasken fitila kawai. Layi siriri ɓacewa yake yi a ƙura. Mutum kuwa bai taɓa zanawa ba, don malaminsa na allo ya ja masa kunne tun yana yaro, shi kuma ya riƙe.

Abu biyu suka haɗu suka kashe masa kasuwa. Na farko injin buga hoto da kwamfuta, wanda ke fitar da sitika da bana cikin awa guda a kan kuɗin da bai kai na gwangwanin fenti biyu ba. Na biyun ya fi ciwo. Dajin Kamuku, da aka keɓe tun 1936 aka kuma ɗaga shi ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, dajin doka da maje da kaɗanya wanda ya miƙe har Kogin Mariga ya haɗe da na Kuyambana ta ɓangaren Zamfara, ya zama maɓoyar 'yan bindiga. Hanyar Kaduna ta Buruku ta koma sai an jeru an jira rakiyar jami'an tsaro. Kasuwar shanu ta rufe. Mutanen ƙauyuka suka yi ta kwararowa cikin gari da tabarmi da tukwane a ka. Wanda ke fargabar ko zai kai gida da rai ba ya tunanin zakin bayan motarsa.

Baba ya haura sittin, gwiwa ta fara ciwo, gona kuma ba ta shiguwa. Sai ya tattaro guntayen falanki daga wurin kafintoci ya ce bari ya gwada zanen da ake ratayewa a bango.

Ana cikin haka jikansa ya zo hutu daga Zariya, inda yake shekarar farko a sashen koyon zane na Jami'ar Ahmadu Bello. Yaro ne mai son kakansa, kuma abin da ya faɗa da zuciya ɗaya ya faɗe shi.

"Baba, aikin nan da kyau, amma ba a bi ƙa'ida ba. Abin da ke nesa dole ya ƙanƙance, na kusa ya girma. Kuma a zahiri babu baƙin layi a jikin bishiya. Haske ne da inuwa."

Ya ɗauki fensir ya ja layuka suka je suka haɗu a wuri guda can ƙarshen takarda, sai ga hanya ta miƙe ta shige ciki kamar za a taka. Baba ya daɗe yana kallo.

"Abokina," in ji shi, "ashe duk shekarun nan ɓarnar fentin mutane nake yi."

Daga ranar ya ajiye baƙin layinsa. Ya shiga gauraya launi, yana kwaikwayon hotunan kalanda, yana ƙanƙanta na nesa. Hannun da ya saba da bugu ɗaya ya koma rawa, ya shafa ya goge, ya shafa ya goge. Abin da ya fita bai kai na 'yan makaranta ba, kuma ya daina zama na Baba. Ya jera su a ƙofar shago damina guda, masu wucewa su ce "sannu da aiki" su wuce. Da ma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai wata dattijuwa da ke tuyar ƙosai a tsallaken shagon, ɗaya daga cikin waɗanda suka baro ƙauye ta wajen Randagi, tana zaune a zauren wani ɗan'uwan mijinta. Wata safiya da ta kashe wuta ta tsallako.

"Malam, kana iya zana wurin da ba ka taɓa gani ba?"

"In an kwatanta mini, Iya, sai in gwada."

Ta zauna a bakin dakali ta shiga lissafi. Zaure yana kallon gabas. Tsamiya a ƙofar gida, reshenta ɗaya ya karye shekarar da aka yi babbar iska. Ɗakuna huɗu, biyu na jinka biyu na kwano. Rijiya a tsakar gida da turmi kusa da ita. Can baya rumbu uku, na tsakiya ya fi tsawo. Jikokinta biyu a gari aka yaye su, ba su san gidan ba, tana so su gani.

Baba ya yi kwanaki a kai, ya bi ƙa'idar jikansa sau da ƙafa. Tsamiya ta cika gaba, zaure na biye, sauran gidan ya yi ta ƙanƙancewa har ya narke cikin hazo. Da ta zo ta karɓa ta juya shi dama, ta juya shi hagu.

"Ina rumbunana?"

"Ga su can baya."

"Waɗannan? Malam, rumbun da maigidana ya gina da hannunsa, sai da tsani ake hawansa, shekara ta zagayo ba mu ga gindinsa ba, shi ka mayar kamar akurkin kaji? Rijiyar ma ban gan ta ba."

"Katanga ta tare ta, Iya. Rumbun kuma nesa yake, abin da ke nesa ƙanƙancewa yake yi a ido."

"A idon wa yake nesa? Wannan ganin baƙo ne da ya tsaya a waje yana sallama. Ni a ciki na zauna."

Ta ajiye masa falankinsa ta koma wurin kaskonta.

Baba bai yi barcin kirki ba a daren. Da asuba ya juya bayan falankin, ya ɗauko tsohon burushinsa mai kauri, ya tsoma a baƙin fenti. Ya zagaye gidan da katanga kamar daga sama ake kallonsa, don kada komai ya tare komai. Rijiya ya yi ta da'ira da shuɗi a ciki. Rumbuna ya tsayar da su ta gefe, manya, na tsakiya har yana taɓa adon da ya kewaye hoton. Ƙasa ja jawur irin ta yankin. Tsamiya da karyayyen reshenta. Kafin azahar ya gama, hannunsa bai yi rawa ko sau ɗaya ba.

Dattijuwar ba ta ce ya yi kyau ba. Jikokinta ta kira, ta ɗora yatsa tana bi ɗaki ɗaki tana faɗa musu wanda ke kwana a ciki, da wanda ke raye da wanda ya riga mu gidan gaskiya. Da ta gama ta kwance haɓar zaninta.

"Haba Iya, bar shi. Ni da ke ai ba ciniki."

Fuskarta ta canza. "Malam, tun da muka baro gida sadaka nake karɓa, ta hatsi, ta tufafi, ta wurin kwana. Wannan abu ɗaya ka bar ni in saya da gumina."

Ta ƙirga masa cinikin ƙosan ranar, canji ne tsofaffi, har da 'yan naira ashirin ashirin.

A nan zan ɗan tsaya, don matar da ke bayan wannan takardar kuɗi ta san irin wannan mararraba. Ladi Kwali ce, Bagwariya mai ginin tukwane daga Kwali. Tukwanenta da Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara a fada su suka ja hankalin wani Bature, Michael Cardew, ta shiga cibiyarsa ta koyar da ginin tukwane a Abuja ta da, wato Suleja ta yau, a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi juya yumɓu a kan na'ura da shafa masa ƙyalli da gashi a babban murhu. Amma kunama da ƙadangare da kifi da kada da take tsagawa a jikin tulu tun a gida ba ta bar su ba, da su tukwanenta suka je Landan, kuma a kansu Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Da ta ji kunyar ƙadangarenta, da ta zama ɗaya daga cikin ɗaliban Cardew kawai, ba wanda zai tuna ta.

Labarin hoton ya bazu a tsakanin 'yan gudun hijira. Wannan ya zo da gidansu, wancan da masallacin ƙauyensu da kukar da ake cin kasuwa a gindinta, wani makiyayi ya zo a zana masa mashayar da ya saba kai shanu. Sai dai in an tambayi kuɗi Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba da abin da ya sawwaƙa." Wata bai cika ba fenti ya ƙare, babu na sayen wani.

Uwargidansa ce ta zaunar da shi. "Malam, kafinta na ba ka falanki don Allah? Mai fenti fa? To ka haɗa kuɗin falanki, da na fenti, da na kananzir ɗin wanke burushi. Sannan ka tambayi abin da ake biyan magini a yini, ka ninka da kwanakin da ka yi. Wannan shi ne kuɗin. Wanda ba shi da shi ya kawo masara, ko ya biya kaɗan kaɗan. In ka ga wanda za ka yafe wa, ka fara faɗa masa kuɗin tukuna, ya san abin da aka ba shi."

Ranar farko da ya faɗi farashi da bakinsa sai da muryarsa ta sarƙe. Mai sayen ya taya, Baba ya ce albarka, ya ƙara, aka sallama, kamar kowane ciniki a kasuwa. Ni a ganina wannan ya fi komawa ga baƙin layin wuya, domin mutumin da ya tsufa ana biyansa ladan leburan tasha ba ya saurin yarda cewa abin da ya fito daga kansa yana da kuɗi.

Da jikan ya dawo hutu na gaba ya tarar da shagon cike, ya tsaya gaban hoton wani ƙauye har Baba ya fara tsarguwa.

"Na koma wa ɓarnata, abokina."

"Baba, darasin zangon farko na kawo maka a matsayin karatun duka. Bana aka koya mana tarihin sashenmu. A 1958, tun wurin yana kwaleji kafin ya zama jami'a a 1962, wasu ɗalibai, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce za su koyi dabarun Turawa amma ba za su zubar da na gida ba. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Abin da suka yi ta nema kai yana hannunka."

Ba duk abin da yaron ya kawo ne Baba ya watsar ba. Ya riƙe shafa farin fenti a falanki kafin a fara, don launi ya fito kuma ya daɗe, ya riƙe 'yar inuwa a gindin bishiya. Jikan kuma ya ɗauki hotunan aikin da waya ya tura wa abokansa ta WhatsApp, daga nan suka kai ga wani mai shagon kayan ado a Kaduna.

Mutumin ya biyo ayarin motoci ya zo da kansa. Hoton wani gida mai rumbuna ya nuna.

"Baba, irin wannan nake so guda ashirin, iri ɗaya. A cire sunan ƙauyen, a sa doki da mahayi, masu saye sun fi son haka."

"Alhaji, wannan gidan mutane ne, da mai shi. Ba zan buga shi ashirin a rataye a ɗakin wanda bai san su ba. Amma zo ka ga."

Ya fito masa da waɗanda yake yi don kansa in ba aiki: dajin doka bayan ruwan farko, gwanki a bakin rafi, burtu biyu suna kiwo a fako, ruwan Dogon Ruwa yana zubowa daga dutse. Dajin da ya sani ne kafin a ƙwace shi. Ya faɗi kuɗinsu yana kallon idon Alhajin. Alhaji ya ce ya yi yawa ga aikin falanki. Baba ya ce falankin ne mai araha. Aka ja, aka daidaita a kan guda shida, kowanne da sunansa da na Birnin Gwari a ƙasa.

A ƙarshen 2024 aka yi sulhu da 'yan bindigar, Gwamna Uba Sani ya zo aka sake buɗe kasuwar shanu, wasu suka fara komawa gonakinsu, ko da yake ba kowa ne ya saki jiki ba. Bayan girbin da ya biyo baya wani magidanci ya shigo shagon da hoton da aka yi masa a baya, naɗe cikin buhu.

"Baba, mun koma. Ɗakunan jinkan nan biyu an ƙone su, na tayar da su da kwano. Na kuma ƙara rumbu ɗaya a nan gefen. A gyara mini."

Baba ya sa tabarau ya duba. "Rumbun ya kai na tsakiya tsawo?"

"Ya ɗara shi."

"To sai na ɗaga adon sama kafin ya samu wuri. Aikin yini biyu ne. Tiya shida ta masara."

"Huɗu dai, Baba."

"Biyar, kuma ka zo da ita ranar kasuwa."