Wa Ke Magana da Yawun Talaka a Cikin Wayarka?



Akwai tambayar da take yawan zuwa mini daga matasa, musamman ɗaliban jami'a. Suna cewa duk shafin siyasar da suka buɗa, ko dai mai yabon gwamnati ne don an ba shi, ko mai zaginta don a kira shi a ba shi. To ina za su samu masu rubutu da ra'ayin talakawa tsantsa, irin waɗanda ake kira 'yan ɓangaren hagu? Kuma ya dace Musulmi ya karanta su?

Mu fara da kalmar kanta, don Bahaushe in ya ji hagu sai gabansa ya faɗi, ya tuna da waɗanda za a miƙa wa littafinsu da hannun hagu ranar hisabi, Allah Ya tsare mu. Wannan daban, wancan daban. Asalin kalmar a siyasa wurin zama ne kawai. A majalisar Faransa a 1789, masu goyon bayan sarki da tsohon tsari suka zauna a daman shugaban majalisa, masu neman sauyi suka zauna a hagunsa, sai sunan ya bi su. A yau idan an ce ɗan hagu, ana nufin wanda kullum tambayarsa ita ce: wa ya ci ribar wannan tsari, wa kuma ya biya kuɗinsa?

Mu a nan ba baƙi ba ne ga wannan tambaya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin zaluncin da yake suka. Ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, kuma manyan da suka ba ta ruhi, Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur, 'ya'yan gidan malamai ne masu karatun addini. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha duka da ɗauri sau da dama a kan wannan tafiya. A garin nan namu, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya zama gwamna a PRP ranar 1 ga Oktoba 1979, ya soke haraji da jangali kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Majalisar jiha, wadda 'yan NPN suka fi yawa a cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ƙarshe ta tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981, shi ne gwamnan farko da aka tsige a Najeriya. Mutum na iya saɓa musu a abubuwa da yawa, amma abu ɗaya ba a musunsa: ra'ayinsu ya ci musu wani abu. Wani kujera, wani lafiyar jiki, wani 'yancin kwana a ɗakinsa.

Ku riƙe wannan, don shi ne ma'aunin da za mu auna masu magana a waya.

Ɗan'uwa, wayar da ke hannunka kasuwa ce, kuma hajar da ake sayarwa a cikinta lokacinka ne. Facebook da TikTok da X da talla suke samun kuɗi, talla kuwa sai ka daɗe kana kallo. Saboda haka na'urar da ke zaɓa maka abin da za ka gani tana bin abin da ya fi riƙe ka ne, ba ruwanta da gaskiyarsa. Takardun cikin gida na Facebook da wata tsohuwar ma'aikaciyarsu, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna cewa a 2017 kamfanin ya ba alamomin motsin rai, har da na fushi, maki biyar, alhali alamar babban yatsa maki ɗaya ya ba ta. Wato rubutun da ya fusata mutane ya fi samun hanya zuwa idon wasu. Ka ga kenan wanda ya zauna ya bi kasafin kuɗin jiha layi-layi, ya gano nawa aka ware wa asibitocin unguwa kuma nawa aka saki, mutum ɗari ne za su gan shi. Wanda ya kunna kyamara ya zagi uwar wani, kafin la'asar ya tara dubu ɗari. Shi ya sa kake nema ba ka samu. Suna nan, kasuwar ce ta tura su lungu.

'Yan siyasa kuwa sun riga mu gane wannan. A 2018 jaridun Ingila suka bankaɗo cewa kamfanin Cambridge Analytica ya yi aiki a zaɓen Najeriya na 2015, har aka yaɗa wani bidiyo na tsoratar da mutane da sunan shari'a. Kun tuna jita-jitar da aka yi cewa Shugaba Buhari ya rasu an sauya shi da wani Jibrin daga Sudan? Ta yi ƙarfin da sai da shi da kansa ya fito a Disamba 2018, yana ƙasar Folan, ya ce shi ne dai. A Janairu 2023 BBC ta fitar da binciken da ya nuna jam'iyyu na biyan masu yawan mabiya a asirce don su yaɗa ƙarya a kan abokan hamayya. Sojojin baka da muka sani a gidajen rediyo sun koma cikin waya, sai dai na rediyo ka san muryarsa kuma ka san ubangidansa, na waya kuwa yana iya zuwa maka da rigar ɗan gwagwarmaya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kar a fahimce ni da cewa babu alheri a ciki. Da waya aka matsa lamba a kan 'yan matan Chibok a 2014. Da waya ake tara kuɗin aikin marar lafiya, da ita ake nuna makarantar da rufinta ya yaye har a ji kunya a gyara. Da ba ta da tasiri, da gwamnatin tarayya ba ta rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 ba. Abin da nake cewa shi ne, waya ta iya tara jama'a cikin dare ɗaya, amma ba ta iya riƙe su ba, ba ta kuma ɗaukar nauyin abin da ya biyo baya. A Masar, shafukan Facebook sun taimaka wajen cika dandalin Tahrir har Mubarak ya sauka a Fabrairu 2011, amma kafin ƙarshen 2013 mulki ya koma hannun soja.

Mu ma mun ga namu. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, komai ya bi ta. Yunwar da ta fito da mutane titi ranar 1 ga Agusta 2024 yunwa ce ta gaske, duk wanda yake zaune a Tudun Wada ko Kawo ko Unguwar Shanu ba sai an ba shi labari ba. Amma da aka fito, wa ke gaba? Wa zai ce a tsaya a nan, kar a taɓa dukiyar kowa? Sai ga tutar Rasha a hannun yaran da ba za su iya nuna maka Rasha a taswira ba. Ranar 5 ga wata aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da yara daga Kano da Kaduna a Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, bayan kusan wata uku a tsare, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi shugaban ƙasa ya ce a sake su. Alhakin tsare su yana kan waɗanda suka tsare su, wannan ba shakka. Amma ina tambayar wanda ya kwana yana rubuta "ku fito" daga kan katifarsa: cikin wata ukun nan, sunan yaro nawa ka sani? Gidan uwa nawa ka je? Shugabannin NEPU tare da mabiyansu ake dukansu, tare ake ɗaure su. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

To ga ma'auni huɗu, ga duk mai neman muryar da ke tare da talaka da gaske.

Na farko, koma baya a shafinsa. Ka duba abin da ya rubuta lokacin da mutuminsa yake kan mulki. Idan tsadar mai zalunci ce a zamanin wancan amma ta zama gyaran tattalin arziki a zamanin wannan, ka gane ubangida yake karewa. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta ɗora mana tsayuwa kan adalci ko da a kan kanmu ne da iyayenmu da danginmu, balle a kan ɗan jam'iyyarmu.

Na biyu, wane talaka yake gani? Tun rikicin Fabrairu 2000 kogin nan ya zama kamar iyaka, Musulmi suka fi tattaruwa a arewa, Kirista a kudu. Amma da masaƙun Kakuri suka mutu, da KTL ta rufe a 2002, ba a tambayi ma'aikaci addininsa ba kafin a bar shi yana bin haƙƙinsa shekara da shekaru. Kwanon masara kuɗinsa ɗaya ga mai saye daga Rigasa da mai saye daga Sabon Tasha. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya yi sakataren gwamnatin Balarabe Musa, littafi guda ya wallafa a 1987 a kan yadda masu neman mulki ke juya addini don biyan buƙatarsu. Duk wanda kukansa ya tsaya a bakin gada, wanda duk matsala sai ya mayar da ita mu da su, to wani aikin yake yi. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci.

Na uku, hujja yake kawowa ko zafi? Mai kishin talaka na gaske yana da lissafi: ga abin da aka ware, ga abin da aka kashe, ga takardar, je ka duba. In ka gama karanta shi za ka ji ka san wani abu da ba ka sani ba. Na bogi kuwa in ka gama sai ka ji kana son ka zagi wani, amma ba ka ƙaru da komai ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurat da ta umarce mu da bincike kafin aiki da labari ba ta keɓe labarin da ya yi mana daɗi ba. Shi ne ma ya fi buƙatar bincike.

Na huɗu, me ya rasa saboda maganarsa, kuma me ya samu? Ba laifi ba ne mutum ya ci abinci da alƙalaminsa. Amma in ka ga mai zagin gwamnati ya yi tsit wata biyu, sai ga shi da muƙamin mai ba da shawara kan kafafen sada zumunta, ka san dama ciniki yake yi, kai kuma da kake yaɗa rubutunsa kai ne jarinsa.

Game da inda za a nema, kar ka jira waya ta kawo maka, kai ne za ka je. Nemi rahotannin bincike na jaridu irin su Premium Times da Daily Trust da HumAngle da WikkiTimes, ka karanta har ƙarshe, ba kanun labari kaɗai ba. BudgIT na fassara kasafin kuɗi yadda kowa zai gane. Karanta takardun da ƙungiyoyin ƙwadago da ASUU ke fitarwa da kansu, kafin ka ji abin da aka ce sun ce. CEDDERT da Bala Usman ya kafa tana Zariya, Gidan Mambayya yana Gwammaja a Kano, Gidan Arewa kuma ga shi nan a cikin garinmu da ɗakin karatunsa. Masu Larabci su duba Al-Adalatul Ijtima'iyya fil Islam na Sayyid Ƙuɗub na 1949 da Ishtirakiyyatul Islam na Musɗafa as-Siba'i na 1959, tare da raddin da malamai suka yi musu. Su ɗin ma duk ka ɗora su a kan ma'aunan nan huɗu, babu wanda aka ɗauke wa.

Saura batun ko ya dace. A cikin masu ra'ayin hagu akwai waɗanda suka gina tunaninsu a kan cewa babu komai sai abin da ido ke gani, suna ɗaukar addini a matsayin abin sa talaka barci, wasu kuma suna haɗa kare talaka da abubuwan da shari'a ta hana. Wannan ba ma karɓa, kuma wanda bai yi ƙarfi a karatun aƙida ba ya nemi malami ya riƙa komawa gare shi. Amma tambayar wa ya ci, wa ya biya, tamu ce tun kafin a gina majalisar Faransa. Addinin da ya sa haƙƙin matalauci a cikin dukiyar mawadaci ya zama rukuni, ya haramta riba da ɓoye abinci don ya yi tsada, ba zai ji tsoron wannan tambaya ba. Abin kunyar shi ne a ce sai wani ne zai tuna mana da ita. Mu masu hawa mumbari ma ku auna mu da wannan mudun, ku duba me muka ce lokacin da namu yake sama.

Zaɓe na tafe, farashin 'yan waya zai tashi, za a yi ta turo maka bidiyo da muryoyi da hotuna, wasu na gaske, wasu na'ura ce ta ƙirƙira su. Kafin yatsanka ya tura wa wani, tsaya ka tambayi kanka: wa ya faɗa, me ya ce jiya, wa zai amfana in na fusata, kuma ɗan wa za a kama in abin ya ɓaci? Abin da yatsa ya tura yana cikin littafin aiki kamar abin da harshe ya furta.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya sauƙaƙa wa talakawa, Ya zaunar da Kaduna da Najeriya lafiya. Wallahu a'alam.