Ko Akwai Waɗansu Talikai a Can Sama?

Karatu: Zabura 8

A shekara ta 1938 wani malamin Ingila mai bi, C. S. Lewis, ya ƙaga labarin wani mutum da aka kai duniyar Mars. Can ya iske talikai masu hankali waɗanda ba su taɓa tayar wa Mahaliccinsu ba. Da ya ba su labarin yaƙe-yaƙenmu da cinikin bayi, sai mamaki ya kama su.

Tatsuniya ce, amma tambayarta ba ta yara ba ce. Daga 1992 zuwa yau masana sun gano duniyoyi fiye da 5,000 masu kewaya waɗansu taurari, ko da yake ba a sami rai a ko ɗaya ba tukuna. Sun kuma lura, da ƙarfin da ke riƙe ƙwayar zarra ya ɗan sake, da taurari ba su toya sinadarin da aka gina jikinmu da shi ba. Waɗansunsu sun ce katari ne. Mu dai, in mun ga awo daidai, mukan nemi mai mudu.

Dawuda ya dubi taurari, ya yi mamaki da Allah yana tunawa da mutum. 'Yan'uwa, in an iske maƙwabta a can, mamakin nan zai ragu ne, ko zai ƙaru?