Nasiha kan Rigakafi ga Jama'ar Jajimaji, Nguru da Gashuwa

Rigakafi shi ne babban aikin da aka kafa sashen kiwon lafiya a matakin farko dominsa. A Jajimaji, hedkwatar ƙaramar hukumar Karasuwa, da kuma Nguru da Gashuwa da suka sa ta a tsakiya, wannan sashe ne ke tafiyar da ƙananan asibitocin mazaɓu a ƙarƙashin hukumar lafiya a matakin farko ta jihar Yobe. Tsarin ya samo asali ne daga taron Alma-Ata na shekarar 1978, Najeriya kuma ta rungume shi sosai a shekarun 1980, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya. Manufarsa ita ce a tari cuta tun tana nesa, a kusa da gida, ba tare da an kashe wata dukiya ba. Sai dai har yau gidaje da yawa sun ɗauki asibiti wurin da ake zuwa idan ciwo ya ci ƙarfin jiƙe-jiƙe da maganin kemis. A lokacin kuwa, ɗan asibitin unguwa ba shi da abin yi illa ya rubuta takarda zuwa babban asibitin Gashuwa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, maigida kuma ya shiga neman wanda zai sayi tunkiya ko buhun gero.

Aikin yana farawa tun jariri yana ciki. Awo ba na mai laulayi kaɗai ba ne. A wurin awo ake gwada hawan jini da fitsari, a duba ko jini ya yi ƙasa, a ba mai ciki ƙwayoyin ƙarin jini, a yi mata allurar da ke kare ta da jaririnta daga sarƙe-haƙora, sannan daga wata na huɗu a fara ba ta maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin ta sauka. Jijjigar da ke kama mata gab da haihuwa takan yi sallama kafin ta shigo: kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai naci, gani dishi-dishi. Mintuna kaɗan na gwajin hawan jini da fitsari sun isa su tona ta. Kunyar cikin fari al'ada ce mai daraja, amma bai kamata ta hana yarinya faɗar abin da take ji ba, kuma nauyi ne a kan miji da uwar miji su kai ta da kansu.

Bayan haihuwa sai allurar yara, kuma nan ne aka fi yin asara. Jadawalin ƙasa a bayyane yake. Da haihuwa akwai allurar tarin fuka, wadda ke barin ɗan tabo a damtse, da ta ciwon hanta, da ɗigon shan-inna. A mako na 6 da na 10 da na 14 ana yin allurar cinya mai kariya daga cututtuka biyar a haɗe, cikinsu har da mashaƙo da tarin shiƙa, tare da ta ciwon huhu da ɗigon rigakafin gudawa. A wata na 9 sai ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, a wata na 15 kuma a maimaita ta ƙyanda. Duk wannan kyauta ne.

Yawanci ana zuwa allurar farko. Da dare sai jikin yaro ya yi ɗumi, cinya ta ɗan kumbura, ya kwana yana kuka, gidan ba wanda ya runtsa. Da safe maigida ya yanke hukunci cewa ba za a sake kai masa ɗa a illata shi ba. Katin rigakafin ya koma ƙasan kwalla ko ƙarƙashin katifa, layi ɗaya kaɗai aka cike. Wannan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu alama ce ta jiki yana koyon yaƙar cutar, kuma farasitamol na yara da nono sun ishe shi. Allura ɗaya cikin uku kuwa ba ta kammala kariya ba. Annobar mashaƙo da ta taso a ƙarshen 2022 ta kuma yi tsanani a 2023 ta fi ɓarna a Kano, Yobe na cikin jihohin da ke biye, kuma akasarin yaran da ta kama ba su kammala allurarsu ba. Cuta ce da ke shimfiɗa wata fata a maƙogwaron yaro har numfashi ya gagara, alhali maganin hana ta yana ajiye a firjin asibitin unguwa.

Shakkun da wasu ke yi yana da tushe, kuma ba daidai ba ne a raina masu shi. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar rauni a zukata, kuma yana cikin abin da ya rura dakatar da rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa a 2003. To amma abin da ya biyo baya shi ma darasi ne. Shan-inna ta bazu daga Najeriya zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Da aka dawo da aikin a 2004, sarakuna da malamai suka shige gaba, lamarin ya juya: an ga shan-inna mai asali ta ƙarshe a Borno a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta kuɓuta daga gare ta ranar 25 ga Agusta, 2020. Tawakkali bai hana riƙo da sababi ba. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya sami labarin annoba ta ɓarke a can.

Kowane yanayi na shekara a wannan yanki da cutarsa yake zuwa. Jama'ar bakin kogin Yobe sun san jinga ana ɗaga ta ne kafin ruwa ya cika, haka ma rigakafi. Da damina fadamun Haɗeja da Nguru kan cika, sauro ya yi yawa. Saboda haka ma'aikata ke bi gida-gida wata-wata suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓi, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi ga ƙasashen Sahel a 2012. Ma'aikaciya ce ke ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku kuma a hannun uwa ake bari. Barin su a leda saboda yaro ya ƙi sha yana rushe aikin watan baki ɗaya. Gidan sauron da ake rabawa na kwana ne, ba na kamun kifi ko killace lambu ba.

Da damina ne kuma amai da gudawa ke ɓulla, musamman bayan ambaliya irin ta 2022, idan ruwa ya haɗe masai da rijiya. A tafasa ruwan sha ko a sa masa kulorin, a wanke hannu da sabulu, a daina bahaya a fili. Wanda gudawa ta kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, sannan a garzaya asibiti. Fitsarin jinin da ake gani ga yara masu wanka a kududdufai tsargiya ce, ba alamar balaga ba, kuma ana raba maganinta a makarantu.

Daga hunturu zuwa bazara kuma sanƙarau ne abin tsoro, saboda ƙura da zafi da cunkoson ɗaki. A farkon 2024 ya kashe ɗalibai a wasu makarantun kwana na yankin Potiskum, a shekarar ce kuma Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kariya daga nau'o'insa biyar. Zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar wuya ba abin jiran wayewar gari ba ne. Malaman tsangaya su lura da iskar ɗakin da almajirai ke kwana, su kuma fito da su duk ranar da masu allura suka zo.

Manya ma suna da rabonsu. Gashuwa da kewayenta sun daɗe suna fama da ciwon ƙoda, masana na ci gaba da binciken musabbabinsa. Kafin a kammala, akwai abin da aka tabbatar yana cin ƙoda a ko'ina: hawan jini da ciwon suga da ba a kula da su ba, yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki ba bisa ƙa'ida ba, haɗe-haɗen maganin da ba a san abin da ke ciki ba, da wuni a rana ana aiki ba isasshen ruwa. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa duk baligi ya kamata ya riƙa miƙa hannu a gwada shi ko da yana jin garau.

Hukuma ita ma da nata nauyin. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya na tushe, don haka jama'a haƙƙinsu suke nema, ba alfarma ba. Uwar da ta tako daga ruga ko ƙauye mai nisa da goyo, ta tarar da ƙofa a kulle ko aka daka mata tsawa, da wuya ta dawo. Wajibi ne kwamitin raya mazaɓa da lawanai da bulamai da limamai su san ranakun awo da na allura su sanar a masallaci da kasuwa, su bibiyi ko firjin allura na aiki, su tabbatar ana fita zuwa rugage da tungayen masunta, su kuma kai ƙara ofishin lafiya na ƙaramar hukuma duk lokacin da aka nemi kuɗi a kan abin da gwamnati ta ce kyauta ne.