Tausayi Ko Haƙƙi?

Ranar sallah muka kai ƙanwarmu gaida kaka a kekenta na guragu. Cutar shan-inna ta kama ta tun tana goye. Matakala uku ce a ƙofar gidan, sai samari huɗu suka cicciɓe ta har da keken. Muka yi ta godiya, ita kuwa ta sunkuyar da kai.

Da daddare ta tambayi babbanmu, "Yaya, ni kaya ce?"

A 2019 dokar Najeriya ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga. Gidan kaka kuwa buhun siminti biyu ya isa, amma ba mu taɓa saya ba. Tausayi ya fi mana daɗi, domin mu ake gode wa. Haƙƙinta shi ne ta shiga ba tare da ta roƙi kowa ba.