Ƙasa ba ta mantuwa

Ɗan'uwa da ke hada-hadar kaya a Guangzhou, da ke 'yar'uwa da mijinki ko ɗanki yake can, ga tambayar da nake so mu tauna tare. Mutum ya sayi maganin ƙwari ya loda a kwantena, kaya suka sauka a Apapa, suka iso Kano, manomi ya fesa a gonarsa. Bayan shekaru wata yarinya ta sha ruwan rijiyar da ke gefen gonar. Wanda ya yi lodin nan yana da hannu a abin da ta sha? Yawancinmu za mu ce a'a: "Ni dai ɗan kasuwa ne, na sayar na karɓi kuɗina."

Kafin ka yanke hukunci, ka san inda maganin yake zuwa. Ba duk abin da aka fesa ne ke tsayawa a ganye ba. Wani iska ta ɗauka, wani ya sauka a ƙasa. Daga nan halin maganin da halin ƙasar su ke raba gardama. Akwai irin su kulofirifos, da ba sa son ruwa, sai su manne wa laka da ruɓaɓɓen taki. Suna nan a saman gona har ruwan sama ya kwashi ƙasar ya zuba a fadama ko rafi, inda kifi da dabbobi suke. Akwai kuma irin su imidakulofirid, masu narkewa a ruwa, su kan tsiyaya su yi ƙasa. To ka tuna gonakin jigawa na Katsina, Daura da Maraɗi: yashi ne, takin cikinsa kaɗan ne, ba abin da zai riƙe maganin sosai. Rijiyar da ba ta da zurfi ita ce zangonsa na gaba.

Ƙasar da kake takawa a Guangzhou ma shaida ce. Ƙasar Sin ta hana amfani da DDT da maganin da suke kira 666 a noma tun 1983. Amma bayan shekaru ashirin da ɗoriya, masu bincike sun ci gaba da samun burbushinsu a gonaki da laka ta yankin kogin Zhujiang, wanda ya ratsa birnin. Da yawa daga waɗanda suka fesa sun mutu, jikokinsu ne suka gaji saura. Wannan 666 ɗin dangin gamalin ne, wanda aka riƙa zubawa a kogunanmu don kama kifi. Sai a 2009 aka sa shi cikin jerin yarjejeniyar Stockholm. Kuma tun ƙarshen 2016 Sin ta hana fesa kulofirifos a kan kayan lambu. Abin da suka ce bai dace da latas ɗinsu ba, ya dace da latas ɗin Kwanar Gafan?

Za ka ce manomi ba ya iyawa sai da magani. Gaskiya ne. Wanda ya ga ɓarnar tsutsar masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016, ko ya ga wake ya yi fure ƙwari sun cinye, ba zai ce a daina feshi ba. Yunwa ma kisa take yi, kuma ta fi sauri. Don haka ba sayar da magani ne laifi ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne sani. Haƙƙi yana hawa kan mutum gwargwadon abin da ya sani, ko abin da yake da halin sani amma ya kau da kai. Manomin ƙauye ba ya karanta rubutun jikin kwalba, da Turanci yake ko da Sinanci. Mai shagon da ke tsiyaya masa a gorar ruwa bai fi shi sani ba. A duk jerin nan, kai ne kaɗai ke zama da wakilin kamfani, a ofis ko a baje kolin Canton. Kai ke da tafinta, kai ke da bakin tambaya: wane sinadari ne a ciki? An yarda a fesa shi a kan abinci a nan Sin? Wata nawa yake yi a ƙasa? Yana da rajistar NAFDAC? Idan ka tambayi farashi har sau biyar ba ka yi ko ɗaya daga waɗannan ba, rashin sanin naka zaɓi ne.

Nisa ba ya wanke mutum, daɗewa ma haka. Wanda ya haƙa rami a hanya ya yi tafiyarsa, wanda ya faɗa bayan shekara ba zai ce ramin ba shi da mai shi ba. Kuma ka tuna wa ke shan ruwan: mahaifiyarka da kake tura wa kuɗi duk wata, da yaran da ka bari a gida, da kai kanka ranar da ka koma.

Saboda haka, a lodi na gaba, ka nemi takardar bayanin sinadari kafin ka biya. Ka sa a buga gargaɗi da Hausa, da boko da ajami, a jikin kwali. Kamfanin da ke buga maka tambarinka ba zai gaza wannan ba. Wanda aka hana a can, ka bar musu abinsu, ko da ribarsa ta fi tsoka.